Garmar Baba Aper

Jama'a, a buɗe hanya, 'yan acaɓa a kau da babura, masu gyaɗa a sauke faranti. Ga Baba Aper nan tafe, Bangon Lafia, mai mayar wa kowa kayansa, Sarkin Tanis na bayan Ma'aikatar Ayyuka, wanda har yau ba a naɗa ba don an rasa rawanin da zai zauna a sanƙonsa. In kun waiga kuna neman jiniya, kun yi asarar waige. Wancan gajeren tsohon ne a kan keke, da farin gajeren wando da ya ga duniya, da wani abu kamar rariya mai ƙota ɗaure a bayan sirdi.

Abin nan shi ne raket ɗinsa. Na katako ne, an naɗe mariƙinsa da robar tsohon tif ɗin keke, nauyinsa kuwa in ka ɗaga sai ka tuna da kakanka. Kowa a filin nan, Garma yake ce masa, kuma sunan yana da asali.

Aper ɗan Tibi ne, a wani ƙauye bayan Assakio aka haife shi, kuma tun kafin ya san boko ya san tsibin doya. Ubansa ya koya masa cewa ba a zaɓen garma da ido. Ka ɗaga ta, ka sari iska da ita. In ta ja ka, ta fi ƙarfinka. In kai kake jan ta, za ka sha wahala a banza. Wadda ta faɗa ƙasa da kanta, kai kuma ka bi ta, ita ce taka.

Da ya girma ya tafi Jos, ya zama direban gireda, motar baje hanya. Wata rana aka tura shi ya baje wani fili a kulob ɗin manya. Ya baje, aka ja layi, aka kafa raga, sai ya ga manyan mutane masu tumbi suna guje-guje a bayan wata 'yar ƙwallo kamar lemo. Da farko dariya ya yi. Daga baya ya riƙa tsayawa kallo. Ƙarshenta dai sai ga shi a wajen 'yan gwanjo yana ɗaga raket ɗaya bayan ɗaya, yana sarar iska, mai kaya na kallonsa kamar wanda ya taɓu. Da ya zo kan Garma, ta faɗa da kanta, ya bi ta.

A shekarar 1996 aka yi jihar Nasarawa, aka ce kowa ya koma gida. Aper ya sauko Lafia da matarsa Mama Sewuese da 'ya'ya da Garma. A mota ɗaya suka sauko da Alhaji Abdulrahaman, malamin dabbobi, dogo siriri, Babarbare mai bakin tsiya, wanda shi ma ya kamu da ciwon tanis a Jos. Su biyun nan suka baje jar ƙasa a bayan ma'aikata, suka ja layi da toka, suka ɗaura komar masunta da aka kawo daga Makurdi a matsayin raga. Wanda ya ce wannan ba filin tanis ba ne, Alhaji kan ce masa ya kawo nasa a gani.

In suna wasan 'yan bibbiyu, Alhaji ne a bakin raga, yana tsince ƙwallo kamar kaza a kan tsaba. Aper kuwa can baya yake. Ba ya gudu, ba ya dukan ƙarfi, ba ya fushi. Zai kai hannu baya a hankali, ya saki Garma ta yi aikinta, ƙwallo ta koma ta sauka dab da layi. Ka buga, ya mayar. Ka ƙara, ya mayar. Samari masu jini a jika sun sha fita daga filin nan suna haki suna zagin takalminsu.

Ana nan, a shekarar 2004, sai ga saƙo daga Fatakwal. Torkuma, babban ɗan Aper, mai sayar da wayoyin hannu, Allah ya buɗa masa, ya aiko wa ubansa sabon raket a cikin jaka mai zif. Baƙi ne mai ƙyalli, kansa faffaɗa kamar faifai, ba shi da nauyi ko na ludayi. Yaron ya shiga kanti ne ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne, aka ba shi. Ya kira a waya ya ce daga yau Baba ya huta da itacen nan, kuma da Kirsimeti zai zo ya gani da idonsa.

Aper ya sari iska da sabon raket, bai ji komai a hannunsa ba. Amma wannan shi ne abu na farko da Torkuma ya taɓa saya masa da guminsa, kuma yaron nan sai da suka yi shekara ba sa magana lokacin da ya bar makaranta ya bi kasuwa. Uba ba ya mayar da irin wannan kyauta, ba ya kuma jefa ta ƙarƙashin gado. Sai ya rataye Garma a bango kusa da kalanda, ya fita da sabon.

Abin da ya biyo baya, gonar rogon da ke bayan fili ce shaida. Hannun da ya saba da nauyi ya samu abin da ba ya tsayar da shi, ƙwallo ta riƙa tashi kamar an kira ta daga sama. Ya rage hannu, ta faɗa raga. Gwiwar hannunsa ta soma ciwo. Alhaji ya ce in da ya san abokinsa zai koma harbin tsuntsaye, da ya sayo masa danƙo. Amma shi ma Alhajin ba lafiya ce ta ishe shi ba. Wani bijimi ya maka shi da ƙasa a wajen allura, kafaɗarsa ta ƙi komawa daidai, raket ɗinsa na ƙarfe ya zame masa kaya. Ƙwallo ta wuce shi kafin ya ɗaga hannu. Haka suka zama makaho da gurgu, kowa na dariyar ɗan'uwansa.

Kirsimeti ta zo, Torkuma ya iso, kuma ranar ta dace da gasar dattawa da 'yan Makurdi suke zuwa duk shekara. Kyautar akuya ce, an ɗaure ta a jikin sandar raga. Torkuma ya cika benci da abokansa, yana nuna musu raket ɗin daga nesa. Mama Sewuese ta zauna a gefe da buhun lemo.

Zagayen farko bai daɗe ba. Aper ya aika ƙwallo rogo, ya aika wata kan rufin kwanon ma'aikata, Alhaji kuma ya tsaya a raga kamar sandar waya. Abokan Torkuma suka daina tafi. Shi kansa ya soma kallon takalminsa, yana faɗa wa na kusa da shi cewa tsufa ne, Baba ya gaji.

Aper ya ji maganar. Ya zauna yana shan ruwa, yana juya abin a ransa. In ya ci gaba, yaron zai koma Fatakwal da cewa ubansa ya ƙare. In ya ajiye raket ɗin a gaban jama'a, yaron zai koma da cewa an raina kyautarsa, wataƙila kuma a sake wata shekarar ta shiru. Ya dubi Alhaji yana murza kafaɗa. Sai ya yafito ɗansa.

"Torkuma, kayan nan mai kyau ne, ba ƙarya. Amma na mai tsayawa a gaba ne, mai hannu da sauri. Ni manomi ne." Ya miƙa masa raket ɗin ta mariƙi. "Ba zan ba da kyautarka a bayan idonka ba. Ga babanka Alhaji nan, shi ya goya ka a babur zuwa asibiti ran da ka karye. In ka yarda, ba shi da hannunka."

Torkuma ya tsaya da raket a hannu, fuskarsa ta yi nauyi. Can yaron ya matsa, ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya kaɗa shi sau biyu, ya sa masa albarka, sannan ya ƙara da cewa dama tun farko an yi kuskuren adireshi ne.

Saura me Aper zai riƙe. Ya kai hannu zai ɗauki na ƙarfen Alhaji, sai Mama Sewuese ta zazzage lemonta a ƙasa, ta zaro Garma daga gindin buhu. Ta ce ita dai ta gaji da kallon mutum yana gaida bango kowace safiya.

Daga nan labari ya canza. 'Yan Makurdi suka buga, ya dawo. Suka ƙara, ya dawo. In sun gaji sun ɗaga ƙwallo sama-sama, Alhaji na nan a raga da kyautar Torkuma, ɗan taɓi kaɗan, ta mutu a gabansu. Duk wadda Alhaji ya kashe, Torkuma sai ya miƙe ya sanar wa benci cewa shi ya sayo. Duk wadda ubansa ya mayar kuwa sai ya tsaya yana kallo, kamar yau ya fara ganin mutumin. Kafin rana ta yi sanyi baƙi sun miƙa hannu.

Torkuma ya tsallake layin toka ya shigo fili, hannuwa a sama, ya shiga yi wa ubansa kirari da Hausa da Tibi da Turancin Fatakwal. Bango, dutsen da ba a turewa, wanda ya kori Makurdi da itace. Ya ce wallahi sai ya sa an yi wa Garma gilashi an rataye ta a falo, jikoki su riƙa zuwa kallo.

Baba Aper ya share sanƙonsa da gefen riga, ya ɗaure Garma a bayan keke, ya nuna da haɓa.

"Akuyar can tana cin raga. Je ka kama ta."