Sunan da Muka Cire da Reza

Har yau ban manta da ranar kasuwar Sabuwa da na kusa kashe auren wata baiwar Allah ba, alhali ko fuskarta ban taɓa gani ba. Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu, ku danna nan ku goge can, za ku ga abin kamar wasa. To ku gyara zama ku ji yadda muka yi namu.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa ne. Duk manomin da ya sayar da audugarsa sai ya koma gida da rediyo ko garmaho mai batir, saboda haka kasuwar faifai ta buɗe sosai. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin faifai a Kaduna, kuma ba a daɗe da ɗaga ni daga mataimaki zuwa mai ɗaukar sauti ba, wato an fara barina in fita rangadi ni kaɗai da direba. Ina jin kaina ƙwarai a lokacin. Har tabarau na saya, ba don idona na ciwo ba.

Ga yadda aikin yake. Na'urarmu mai zare ce, zaren kamar na kaset amma ya fi faɗi, yana warwarowa daga faranti ɗaya yana naɗuwa a ɗaya. Makirfo guda muke kafawa, don haka murya da kiɗa duk a layi ɗaya suke shiga, ba yadda za ka raba su. In ka gama sai ka kai wa manaja zaren, ya saurara, ya aika Ikko a buga faifai. Da zarar an buga, magana ta ƙare, abin da ke ciki ya shiga duniya ke nan.

Manajanmu, Alhaji Bature, ya kira ni ya ce akwai wani saurayi a Ƙanƙara, Maharazu, ɗan asalin Pauwa, wanda ke haɗa jita da kalangu, samari sun haukace a kansa. Ya ce in je in ɗauko waƙarsa guda, in biyo ta wurin dillalanmu na Faskari da Sabuwa in jiyar da su, don mu san yawan da za a buga.

Na iske Maharazu dogo siriri, da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share masa hanya. Labarinsa kowa a Ƙanƙara ya sani. Akwai yarinyar da yake so a Tafoki, Saude, har manya sun san da maganar. Sai ya ɗauki jita ya tafi birni neman suna, shekara biyu ba wasiƙa ba aike. Ita kuwa da ta gaji da jira ta ce wa iyayenta ta sami wanda take so, aka ɗaura. Ya dawo ya tarar an kai ta tun da wata uku. Babu wanda ya zalunce shi, shi ma ya sani, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ci masa rai.

A wani zauren ƙasa muka yi ɗaukar, domin ginin ƙasa ba ya mayar da amo. Muka rataya barguna a ƙofa, aka kore kaji, na bi maƙwabta gida gida ina roƙon a dakata da daka na ɗan lokaci. Wata tsohuwa ta ce in har waƙar ta wuce azahar to in zo in daka mata da kaina. Ɗauka ta farko jaki ya ɓata ta, ta biyu Maharazu ya yi ta kamar mai karanta sanarwa. A ta uku ne abin ya zo. Ya rufe ido, ya manta da ni da makirfo, yana cewa ya dawo ya iske ƙofa a rufe, laifin nasa ne. Kowane baiti in ya zo ƙarshe sai ya kira ta, Saude ta Tafoki ɗiyar mai rini, sau huɗu a cikin waƙar. A na huɗun muryarsa ta karye, ya kasa ci gaba, masu kalangu suka yi ta kaɗawa su kaɗai har na ɗaga musu hannu.

Na san na sami abin da ake nema, daɗi ya cika ni. Kuskurena kuwa shi ne duk tsawon waƙar idona na kan allurar na'ura, ina lura kar ta haura ja. Sunan nan ya shiga kunnena a matsayin sauti mai kyau kawai. Ko kaɗan ban tuna cewa mai sunan tana nan da ranta a ɗakin wani ba.

Maharazu ya nace sai ya bi mu. Na ɗauka zumuɗin sabon mawaƙi ne, na ce ya hau. A Faskari dillalinmu ya sa na maimaita waƙar har sau uku, ya ce a kawo masa ko nawa aka samu. Washegari muka isa Sabuwa da hantsi, kasuwa ta cika. Na kafa na'ura a bakin shagon dillali na kunna, mutane suka yi dafifi, Maharazu na tsaye a gefe yana ta leƙen bayan taro. Sai daga baya na gane cewa ya san a garin aka kawo Saude, so yake sautin ya tsallaka katanga.

Shagon da ke jikin na dillalin na wani tela ne. Tun da muka zo kekensa ke ƙara, har na yi niyyar roƙonsa ya tsaya. Da aka kira sunan karo na farko sai keken ya tsaya da kansa. Bayan waƙa ta ƙare, taro ya fara watsewa, telan ya fito da igiyar awo a wuyansa, mutum ne mai natsuwa da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ya yi mini sallama ya ce sunansa Iro.

"Malam, waƙa ta yi daɗi, ba ƙarya," in ji shi. "Yaushe za ta hito?"

Na ce in Allah ya so nan da wata biyu, ina ta washe baki, na ɗauka ciniki ne.

"To. Wadda aka kira ciki, tana gidana. Iyalina ce."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na cire tabarau ban san na cire ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Ni ban sace ta ba, ban kuma yi ma kowa ƙwace ba. Tun ranar da ta shigo ban ga abin ƙi ba gare ta. Amma gidanmu babban gida ne, Inna na nan, ƙannena mata na nan. In wagga waƙa ta hito, kowane biki za a sa ta, kowane shago. Mi za ta ce masu? Za a ce ita ta aika a yi mata. Ni zan iya toshe kunne, Inna ba za ta iya ba, kuma in Inna ta ce a'a, ka san sauran."

Na san sauran. Na waiwaya na ga Maharazu a bayana, ya ji komai. Nan ne karo na farko da suka ga juna. Na tsorata kar a yi abin kunya a tsakiyar kasuwa, sai na ja su duka biyu cikin shagon telan.

Maharazu ya fara da taurin kai. "Waƙata ce. Abin da ke raina na hwaɗi, ban zage ta ba."

"Ba ka zage ta ba," in ji Malam Iro. "Kai dai ka yi kukanka ka ji sanyi, ka tahi gari na gaba a tafa maka. Ita kau nan za ta kwana da shi."

Maharazu ya zauna a kan wani ƙunshin yadi ya dafe kai, can ya ce ko ya so ba zai iya sake rera ta kamar jiya ba, ta fita sau ɗaya ke nan. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Ga shi jibi ake jiran zaren a ofis. Na ce masa akwai hanya guda, in ya yarda: in yanke sunan da reza.

Ya ce, "Yanke."

Yankan zare ba abin wasa ba ne, musamman da yake ba ni da kwafi, wannan ɗin shi ke nan. Kuma in ka cire suna ka cire kiɗan da ke ƙarƙashinsa, waƙa ta yi tuntuɓe, mai rawa ya ji ƙafarsa ta rikice. Dabarar da ta zo mini ita ce wancan dogon kiɗa na ƙarshe, inda masu kalangu suka kaɗa su kaɗai. Dama ya yi wa faifai yawa, sai an rage shi. In na yanko daga can daidai tsawon abin da na cire, na liƙa a gurbin, kiɗa zai tafi daidai, murya ce kawai za ta yi shiru. Amma dole tsawon ya zo daidai, ni kuma na bar rula a Kaduna.

Malam Iro ya zare awon wuyansa ya ce, "In dai awo ne, aikina ne."

A kan teburin yankansa muka yi aikin. Don ka gano inda kalma ta fara, sai ka riƙa juya farantan da hannu gaba da baya, sautin na fita a hankali da kauri. Haka bawan Allahn nan ya tsaya yana jin wani namiji na kiran sunan matarsa, gaba da baya, gaba da baya, ya fi a ƙirga. In na sa alama da allin ɗinkinsa sai ya ɗora awo, ya faɗi tsawon, ya auno daidai shi daga kiɗan ƙarshe. Ni in yanka a karkace, in haɗa baki da baki, in liƙe da salatif ɗin aiki. A na uku har ya ce mini, "Malam, ka ci gefe, ƙara kaɗan." Na duba na ga shi ke da gaskiya.

Na huɗun ya fi wuya, don a nan muryar ta karye, kuma karyewar ta fara tun kafin sunan. Na so in cire duka don in huta. Malam Iro ne ya hana. Ya ce, "Bar mashi kukanshi, sunan kaɗai na roƙa."

Da muka gama, bayan la'asar, na kunna daga farko. Maharazu ya rera har ya zo inda zai kira ta, sai kalangu ya amsa shi kaɗai, sannan murya ta dawo. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Ni da na yi yankan sai da tsigar jikina ta tashi. Maharazu ya miƙe ya ba Malam Iro hannu. Telan ya dubi wandonsa da ya kwashi ƙurar kasuwa ya ce in ya yarda ya rage masa ƙafar kyauta. Nan muka yi dariya mu uku, ta farko a ranar.

A ofis Alhaji Bature ya ga liƙi takwas a jikin zare, ya tambaye ni ko ɓera ne ya shiga akwatin. Na ba shi labari tun daga farko. Ya saurari waƙar sau biyu, ya ce, "Yankan ya yi. Amma da ka buɗe kunnenka a Ƙanƙara da ba ka sha wannan wahala ba." Daga ranar ya kafa doka a kamfanin, duk waƙar da aka ambaci mutum, sai mai ɗauka ya tambayi ko waye, yana ina, kafin ya naɗe wayoyinsa.

Faifan ya fito bayan sallah, ya karɓu fiye da yadda muka zata, sai da aka sake bugawa. Abin da ba mu yi tsammani ba, wurin nan da muka bari fili shi mutane suka fi so. In an sa waƙar a dandali ko a tasha, da an zo gurbin sai ka ji kowa ya jefa sunan tasa, wani da ƙarfi wani a ciki. Maharazu ya yi suna, ya yi waƙoƙi da yawa bayanta, kuma bai ƙara sa sunan kowace mace ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Allura za ta gaya maka ko sauti ya yi yawa, amma ba za ta gaya maka wanda zai kwana da abin da ka ɗauka ba. Wannan sai ka ɗaga kai ka tambaya. Kuma mutanen da muke ɗauka a garuruwan nan, in ka zauna da su ka faɗi gaskiya, sau da yawa sun fi ka sanin gyaran aikinka.

Bayan kamar shekara na sake bi ta Sabuwa, na leƙa shagon Malam Iro. Ya tashi ya rungume ni, ya ce an yi masu haihuwa, mace. Na yi barka, sannan na tambaye shi a hankali ko waƙar ta jawo wata magana a gida.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai Inna ce ta sa na sayo faifan. Kullum da hantsi sai an sa mata. In an zo wurin nan, sunan marigayi Baba take sawa."

Na ce, "Ita kuma mai ɗakin?"

Ya ce, "Ita ke juya mata faifan."