Takardar da Na Ƙi Karɓa

Shekarata biyu da zama magatakarda a kotun ɗaukaka ƙara, na haddace littafin ƙa'idojin kotu tsaf, kuma ina ji da kaina. Duk wanda ya zo da takarda ba daidai ba, sai in buɗe shafi in nuna masa da yatsa.

Ran nan wani dattijo ya sauka daga kan kabukabu, tun daga Zugu. An yanke hukunci an ba wani gonar da ya gada, yana so ya ɗaukaka ƙara. Doka ta ba shi kwana talatin, saura masa kwana biyu. Ya miƙo mini takarda guda, rubutun ajami da malamin garinsu ya yi masa.

Na ce, "Baba, ƙa'ida ta ce a cike fom, a haɗo da kofin hukunci. Koma ka kawo."

Ya ce, "Ɗana, gonata nika so. Amshi wagga, in taho maka da sauran."

Na ƙi. Da ya koma gida 'yan bindiga suka tare hanya, sai bayan kwana goma ya dawo da komai a cike. Na ce masa lokaci ya wuce. Na san ana iya roƙon alƙali ƙarin lokaci, amma na yi gum, don in aka tona za a ji wanda ya kore shi da fari. Bai yi musu ba, ya naɗe takardunsa ya sa a aljihu.

Bayan 'yan watanni alƙali ya kama ni ina shirin korar wata mata haka. Ya kira ni ciki ya ce, "Majalisa ta yi doka, doka ta ba mutum haƙƙi. Ƙa'ida kuwa an tsara ta ne don a kai shi ga haƙƙin, ba ta isa ta ƙwace ba. Karɓi, buga hatimin ranar, gyara ya biyo baya."

Na ce to, ranka ya daɗe. Maganar dattijon ban iya faɗa ba, kuma har yau kunyar tana cina.

Daga baya na haɗu da wani mutumin Zugu a kasuwar Gummi, na tambaye shi dattijon. Ya ce, "Ai yana Bagega, dutsen zinari shika daka ma masu haƙar zinari. Gona ta tahi, mi zai zauna yi?"