Fim ɗin garinmu a cikin tulu

Garinmu babu shi yanzu. Yana can bayan Yankara, in ka je, rijiya da kukoki za ka tarar, sai ciyawa. Ɓarayin daji suka tashe mu. Ba zan ba da wannan labarin ba, kowa a ƙasar nan yana da irinsa. Muka watse, wasu Ƙanƙara, wasu Sabuwa, ni na tsaya Faskari. Da furfurata aka ba ni tsintsiya, na zama mai sharar ɗakin karatu. Ko bihim ban sani ba, amma kashin ɓera ba ya neman mai ilimi.

Akwai ɗan sito a bayan ɗakin, cike da wasu gwangwanaye masu faɗi kamar faifai, waɗanda malaman gona suka jibge da aka tashi ofishinsu. Kullum na buɗe ƙofar sai tsami ya doke ni, irin na gasarar da aka manta da ita a bayan ɗaki. Na sami Malam, mai kula da wurin, na ce wani abu ya mutu a sito.

"Ba mushe ba ne, Baba. Fim ne, na majigi."

"Fim shina wari?"

"Wannan dai shina yi."

Ya ɗauko ɗaya ya goge murfin da hannun riga, ya karanta abin da ke jiki. Sai na ji sunan garinmu a bakinsa. Na ce ya sake, ya sake.

Na tuna ranar. Ina saurayi motar malaman gona ta zo da wani akwati mai ƙafa uku, suka ce za su ɗauki noman garmar shanu. Suka sa maza sanya manyan riguna su shiga gona, kamar haka ake huɗa. Ubana Bamaguje ne, ba shi da rigar salla, aro aka yi masa, kuma yana cikin waɗanda suka riƙe garma. Aka ce za a dawo a nuna mana. Har yau suna hanya. Ban da wannan rana ubana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ga shi fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido muryarsa nake ji, fuskar sai hazo. Ita nake so in gani kafin a binne ni, ba wani abu ba.

Labari ya kai wa mutanenmu. Suka riƙa zuwa suna shinshina gwangwani suna hawaye, ban sani ba ko na kewa ne ko na tsami. Har Sarkin Noman garinmu ya taso daga Sabuwa. Tsoho ne tukuf, idonsa ya kusa tafiya, ba shi da gonar da za a shimfiɗa tabarma, amma sarautar tana nan daram.

Malam ya yi ta waya har wata Hajiya ta zo daga Kaduna, aikinta ke nan, jinyar tsofaffin finafinai. Ta jefa 'yar takarda shuɗiya a gwangwaninmu ta rufe. Da ta buɗe washegari takardar ta koma ruwan ɗorawa.

"Ciwo ne," ta ce, "kuma yana kama na kusa da shi. Zafi da laima ke ciyar da shi. Tsamin nan da kuke ji, daga jikinsa yake fita ya dawo ya ci shi. Sanyi yake so, kuma kada a toshe shi cikin zafi. Ku ba ni in tafi da shi in juye a na'ura tun da sauran abin juyewa."

Sai an nemi izinin Alhaji, babban da ɗakin karatu ke ƙarƙashinsa. Alhaji ya gyara hula ya ce kayan tarihi ba sa barin gida, in sanyi ake so shi zai sayo firij. Ya kuwa sayo. Aka yi taro, aka ɗora gwangwani a kan firij aka ɗauki hoto, aka sauke shi aka mayar sito. Firij ya wuce ofishin Alhaji, don can janareto yake. Ni ke share ofishin, na san abin da ke ciki. Kunun ayar Alhaji bai taɓa yin tsami ba, wannan na shaida.

Hajiya ta koma wajen Sarkin Noma, ko shi zai sa baki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani tiryan-tiryan. Ya bari ta gama.

"Hajiya, mi ya taɓa tafiya Kaduna ya dawo? Waɗanda suka ɗauke mu ma can suka nufa."

"Baba, zai lalace."

"A hannunku dai. Mu mun san yadda ake ajiye abin da ba a so ya mutu."

Da ta tafi ya aiko a ba shi gwangwanin. Malam ya ɗan yi gardama. Sarkin Noma ya ce garinsu ne a ciki, ko garin Malam ne? Malam ya duba sito, ya duba ofishin Alhaji, ya miƙa.

A wurinmu abin da ya fi komai daraja shi ne iri, kuma hanyar ajiye shi ɗaya ce. Aka nemo tulu mai faɗin baki, aka zuba toka da ganyen darbejiya, aka kwantar da gwangwani, aka ƙara toka. Aka kife kasko, aka liƙe da laka da kashin shanu yadda ko tururuwa ba ta samun hanya. Aka ɗora shi can sama a ɗakin Sarkin Noma, dab da kwanon rufi, inda ɓera ba ya kaiwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "Hajiya fa ta ce kada a toshe."

"Hajiyar ta taɓa ajiye iri? Geron kakana da haka ya ƙetare yunwa. Iri ba ya son iska."

Ni dai ba a tambayar mai shara. Kuma ban san mai gaskiya ba. Hajiya ta san fim, Sarkin Noma ya san gero, ban taɓa ganin ɗayansu ya yi kuskure a nasa ba.

Damina ta wuce a kan tulun. Bazara ta zo, kwanon ɗakin nan ya yi zafin da za a toya ƙwai a kansa. Sannan Hajiya ta dawo, ta samo na'urar da ake juyewa a nan take, ba sai an je ko'ina ba. Muka ɗunguma Sabuwa da hantsi, har da 'yan Ƙanƙara. Aka shimfiɗa tabarmi kamar suna.

Sarkin Noma ya yi bisimilla ya fasa lakar da kansa. Tsamin da ya fito ya sa na gaba suka ja baya suna tari, kaza ma ta bar wurin. Hajiya ta sa safar hannu ta buɗe murfi. Fim ya manne wuri ɗaya, ya yamutse kamar ganda, wani wurin ya yi danƙo, wani yana marmashewa. Ta daɗe tana kallo.

"Sannunku da ƙoƙari," ta ce.

"Yawwa," in ji Sarkin Noma. "Ko ƙwaro ɗaya akwai?"

"Babu, Baba."

"To!"

Ta zauna tana ɓamɓara a hankali har azahar ta gota. Abin da ta ceto bai wuce taƙi ba. Ta ɗora a na'ura, muka cusa kawuna. Ga ƙasar gonarmu, na gane ta. Ga gindin shanu biyu. Ga garma, ga hannu guda a kanta, an naɗe hannun babbar riga. Daga kafaɗa zuwa sama ciwon ya cinye, sai ƙuraje farare.

"Mi ake gani?" in ji Sarkin Noma.

Aka faɗa masa.

"Hannuna ne."

"Haba, ranka ya daɗe," in ji wani tsoho daga Ƙanƙara, "kai da ko shanun ba ka gani? Ran nan kana gindin kuka kana ba da umarni. Na yayana ne, dubi kaurin damtse."

"Yayanka mai hannu kamar sillen kara?"

Musu ya kaure. Kowa ya tono mamacinsa ya liƙa masa hannu. Abin da aka yi ittifaƙi a kai ɗaya ne, san nan na dama mai karkataccen bindi, kowa ya tuna shi, har da wanda ya taɓa harba. Garin mutum ɗari da wani abu, sa kaɗai ya fito da shaida.

Na daɗe ina kallon hannun. Ban gane shi ba, ban kuma ƙi shi ba.

Hajiya ta juyo wurina. "Baba, kai ba ka ce komai ba."

"A wanke mani hoton hannun nan ɗaya," na ce.

Ta wanke ta aiko. Yana jikin bangon ɗakina. Wanda ya shigo ya tambaya, in ce masa ubana ne. In ya ce ina fuskar, in ce ya je Sabuwa ya tambayi Sarkin Noma, ko ya biya ofishin Alhaji, can ma a ba shi ruwan sanyi.