Gilashin da Ya Ƙi Sauka

Shekarun baya, lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da karɓar mulkin kanta ba, Nasara suna ta kwashe kayansu suna sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba, mahaifina ya sayo mota hannun wani daga cikinsu a Maradi. Mahaifina fataucin hatsi yake yi, gero da wake, daga nan Dakoro zuwa Maradi har cikin Najeriya. Yana da babbar motar kaya tuntuni, amma wannan ta shiga ce, doguwa, baƙa wuluk. Abin da ya tara mata jama'a gilashinta ne. Babu hannun da ake murzawa. Maɓalli ne a jikin kowace ƙofa, ka danna gilashi ya sauka da kansa, ka sake dannawa ya hau. Ranar da ta iso, har Fulanin da suka kawo shanu kasuwa sai da suka bar shanun suka zo kallo. Ni ina koleji a Maradi lokacin, na zo hutu, kuma na danna maɓallin nan har sai da aka daka mini tsawa.

Direbanmu dattijo ne. Tun ina rarrafe yake jan babbar motar mahaifina, shi ya sa muke ce masa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya, sitiyarin nan shi ne abincin iyalinsa. Mutum ne mai shiru, irin shirun da ke ƙona mini rai, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ce maka sannu. Shi aka ba sabuwar motar.

Ba a jima ba gilasan suka fara tsiya. Da safe lafiya lau, amma da an hau hanyar Maradi, motar ta fara girgiza kan gargadar nan, sai dukansu su mutu lokaci guda. Aka kai ta garaji a Maradi. Makanike ya ce fizibil ne ya ƙone, wato ɗan siririn ƙarfen nan da aka sa don ya tsinke in wuta ta yi yawa, kada wayoyi su kama. Ya sa sabo, gilasai suka tashi. Aka dawo gida, ya sake ƙonewa. Aka koma, makanike ya sake sa wani. Da ya ga tambaya ta yi masa yawa kuma ba shi da amsa, sai ya nemi wanda ba zai yi musu ba. Ya ce wa mahaifina ai hannun direba ne, ya saba da babbar mota, yana danna maɓallin kamar mai taka birki. Mahaifina ya karɓi maganar nan hannu bibbiyu.

Abin ya ƙare ne ranar da wani babban abokin cinikin mahaifina ya zo daga Katsina. Alhaji ne mai jiki, aka je ɗauko shi Maradi cikin tsakiyar bazara. Mahaifina yana son ya nuna masa abin mamaki, ya sa aka ɗaga gilasai duka a gabansa. Suka hau sumul. Aka kama hanya, da aka ce a sauke su, suka ce ba su san zancen ba. Ga rana, ga baƙar mota, ga babu hannun murzawa. Baƙon ya cire hula, ya cire babbar riga, ya iso ƙofar gidanmu da ƴar ciki, hannunsa ɗaya riƙe da ƙofar mota a buɗe don ya samu iska. Mutanen da ke zaune gindin bishiyar bedi suna kallo ya fito yana tsiyayar gumi, ya ce wa mahaifina lalle ya gode, an ɗauko shi ɗanye an kawo shi dafaffe. Aka yi dariya. Mahaifina ma ya yi, da haƙora kawai.

Bayan la'asar ya kira Kawu ya ce in an ci kasuwa mai zuwa ya ajiye makulli ya nemi wani wuri.

Na ji maganar daga bayan zaure, na fito ban ko gyara kallabi ba. Na ce wa mahaifina danna maɓalli da ƙarfi ba ya ƙona fizibil, kuma ma ai a kan hanya yake ƙonewa lokacin da babu wanda ya taɓa komai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce bokona ya tsaya can Maradi inda ake biya masa. Mahaifiyata ta ja ni ciki tana cewa wata rana bakina ne zai hana ni zaman aure. Na ce mata to, sai ya hana.

Abin da ke kaina ba wani zurfin ilimi ba ne. A koleji malaminmu na kimiyyar fizik ya taɓa haɗa mana pil, wato batir, da ampul, wato ƙwan fitila, da waya a kan tebur, ya nuna mana cewa in wayar wuta ta taɓa inda bai kamata ba, wutar takan bi gajeriyar hanya da gudu har ta ƙona abu. Iyakar abin da na sani ke nan. Amma ya isa in gane cewa akwai wata waya a motar nan da ke taɓa ƙarfen jikinta in ta girgiza. Wace ce, a ina, shi ne ban sani ba.

Washegari da hantsi mahaifina ya tafi rumbunan hatsi a ƙafa, don ya yi fushi da motar ma. Na iske Kawu yana goge ta, mutumin da aka kora. Na ce ya buɗe mini inda fizibil yake.

"Ɗiyata, bar wagga magana. In Alhaji ya dawo ya iske ki cikin motarshi, mi za ni ce?"

"Kawu, an riga an kore ka. Korar mi ta rage?"

Sai ya buɗe.

Na sa ya ciro mini ampul ɗaya daga fitilar baya, na samo guntayen waya biyu, muka cire ƙonannen fizibil muka ɗaura ampul a madadinsa. Hikimar ita ce, in babu wayar da ke taɓa ƙarfe, kuma ba a danna komai ba, ampul ba zai kama ba. In ya kama, to wuta ta samu hanyar sata. Wajen ɗaurawa na yi gaggawa kamar yadda na saba, waya ta yi tartsatsi ta ƙona mini ɗan yatsa, na yi tsalle na buga kai a rufin mota. Kawu ya juya baya yana tari, wai kada in ga dariyarsa.

Ya murza makulli ya buɗe kontak. Ampul shiru. Na ce ai sai mun kawo mata hanyar Maradi har gida. Muka fara bin ƙofofin, ya buɗe ya jijjiga ya rufe da ƙarfi, ni ina tsugune ina kallon ampul. Ƙofar direba, wadda aka ce hannunsa ya kashe, babu komai. Ta kusa da ita, babu komai. Da ya kama ƙofar baya ta dama, gefen da mahaifina ke zama, ya jijjiga ta, ampul ya yi wal ya mutu. Na ce ya sake. Ya sake yin wal. A cikin ƙofar kuma wani abu yana ƙwal-ƙwal. Kawu ya ce ya daɗe yana jin ƙarar nan, ya taɓa faɗa wa Alhaji, aka ce masa kunnensa ne ya tsufa.

Cire rufin cikin ƙofar ya ba mu wuya, kuma gaskiya ni na yage gefensa don na ƙosa. Da ya buɗe, Kawu ya zura hannu can ƙasa, ya tsaya, ya dube ni. Laya ce. Siririya, shafaffa, an rufe ta da jan ƙarfe irin aikin maƙeran Buzaye, kusurwoyinta masu kaifi. Ta maƙale tsakanin wayar da ke kawo wuta da ƙarfen ƙofa, kusurwa ɗaya ta ci robar wayar har tagulla ta fito. Duk ramin da mota ta faɗa, sai ta haɗa su.

A haka mahaifina ya iske mu, ƙofar motarsa a wargaje, ɗiyarsa da baƙin mai har goshi. Ya buɗe baki zai fara, Kawu ya miƙa masa layar a tafin hannu. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya san aikin, ya san mai ita. Bai tambayi kowa ba ya nufi ɗakin kakata, mahaifiyarsa, ni kuma na bi shi ba da gayyata ba.

Kakata ba ta ko yi musu ba. Ta ce ita ta sa, ranar da motar ta zo, da ta ga yadda garin nan kaf ya zuba mata ido. Ta jira gilashi yana ƙasa ta zura ta ta tsagar, a gefen da ɗanta ke zama, don irin wannan ba a rataye ta inda kowa zai gani. Na ce mata layarta ce ke ƙona wutar mota, kuma saboda ita za a kori mutum da iyalinsa. Ta ce da ba don layar ba, wa ya san abin da zai ƙone maimakon wannan ɗan ƙarfen. Na ce to ta fito ta faɗa wa mutane ita ce. Sai ta kama dariya, ta ce ku ji mini ja'irar jika, ta je lakkwal, makarantar Nasara, ta koyo shari'a da tsofaffi.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. A gidan nan kaf ni kaɗai ce al'ada ta yarje wa in faɗa wa kakata magana son raina, don akwai wasa tsakanin jika da kaka. Amma saboda wasan nan, duk abin da na faɗa wasa ne. Ina ta fushi, ita tana tsokanata wai goshina ya fi kyau da baƙin mai.

Na koma kan mahaifina. Na ce yanzu ya gani da idonsa, sai ya kira Kawu ya ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji an kore shi.

"So kike in tsaya ƙofar gida in ce uwata ta ɓata mota?"

"To ka ce ba shi ba ne. Ko wannan ma ya yi nauyi?"

"In na ce ba shi ba ne, za a ce wane ne. Tahi ki wanke fuskarki."

Muka naɗe wayar da roba, aka sa sabon fizibil, aka mayar da rufin ƙofa. Kakata ta karɓi layarta, aka ɗinke ta cikin fata aka tura ƙarƙashin kujera. Gilasan nan ba su sake tsayawa ba har aka sayar da motar.

Ranar kasuwa da yamma, zaure cike da abokan mahaifina da masu awo, ya aika aka kira Kawu. Ina bayan ƙofa, na ɗauka ko ya sake tunani. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa. Mahaifina ya gyara murya ya ce ya duba tsufansa, ya duba iyalinsa da daɗewarsa a gidan nan, don haka ya riƙe makullinsa.

"Na yafe maka. Amma ka riƙa sassauta hannu."

Zaure ya ɗauki Allah ya saka da alheri, ana cewa samun ubangida irin Alhaji sai an tona. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma, in sha Allah zai kiyaye.

Zai kiyaye mi?

Na tare shi bakin rijiya na ce yaya zai yi godiya a kan laifin da bai yi ba, shi da ya zaro layar da hannunsa. Ya ce shi makulli ya zo karɓa, kuma ya karɓa, yaransa za su ci tuwo. Ya ce in bar shi haka, kada in jawo masa wata. Na bar shi, don ba ni ce zan kwana da yunwa ba in aka sake korarsa. Har ya daina tuƙi, yaran tasha suna ce masa mai nauyin hannu, yana amsawa.

Duk wannan ya wuce. Kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban taɓa shakkar cewa don son ɗanta ta yi ba. Mahaifina ma na fahimci abin da ya tsare, babu ɗan kirkin da zai kunyata uwarsa a bainar jama'a. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne, da aka rasa inda za a ajiye kunyar, sai aka ɗora ta kan wanda ba shi da halin sauke ta, sannan aka sa shi ya durƙusa ya yi godiya. Mutanen zauren nan sun tashi suna yabon mahaifina da haƙuri, alhali mai haƙurin yana can yana neman takalminsa a bakin ƙofa.

Tun daga ranar, in na ji babba ya ce wa na ƙasa da shi na yafe maka a gaban jama'a, ba na saurin cewa amin. Sai na tambaya tukuna, wa ya yi laifin.