Sukarin Tsohon Soja

Shekara biyu Baba ya yi a hannun abokan gaba lokacin yaƙi, amma in ka tambaye shi labarin harbi sai ya ce ya manta. Abin da bai manta ba shi ne ɓoyo. A sansanin fursunoni ya koyi cusa allura cikin sabulu da ɗinke ƙwayar sukari a bakin wando.

Da ya tsufa likita ya hana shi shan zaƙi, sai babbar 'yarsa ta zama mai gadi. Kullum da safe takan ɗaga katifa, ta zazzage takalma, ta laluba aljihun tsohuwar rigarsa ta soja. Shi kuwa yana zaune ƙyam, hannu bisa gwiwa, kamar ranar bincike a sansani.

Ran nan ta zaro ƙullin sukari daga cikin matashin kai.

"Haba Baba! Kashe kanka za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai abin tausayi. "Kin kama ni, 'yar nan. Tsufa ya gama da ni."

Ta fita da ƙullin tana takun nasara. Yana jin an rufe ƙofa ya jawo rediyonsa, wadda ta shekara ba ta ce uffan ba, ya buɗe gidan batir. Ƙwaya shida a jere. Ya jefa biyu cikin shayi, yana juyawa yana murmushi.

"Yarinya ke nan," in ji shi. "Masu bindiga ma, sai mun ajiye musu abin da za su gano suke barin ɗakin."