Sunan Wani a Takardar Abokina

Akwai wata Asabar a birnin Paris da har gobe idan na tuna ta sai gabana ya faɗi. Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ban da wannan yini.

A lokacin ina aiki a Lyon, kuma ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon Ostireliya, wadda wasu 'yan ƙasar mazauna garin suka kafa. Wasa ne na ƙarfi: ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana bugawa da ƙafa ana cafewa da hannu, har mutum ya taka bayan wani ya yi sama. Ni ban iya ba, Turancina ne ya sa aka damƙa mini takardu. Gwaninmu kuwa abokina ne, mutumin Damagaram, direban bas, magidanci mai 'ya'ya biyu a unguwar Minguettes. Ni na ja shi cikin wasan.

Aka shirya gasa ta yini ɗaya a Paris. Muna cikin jirgin ƙasa da safe ina duba jakata, sai na ga babu lasisin wasa na abokina. Takardar likitan da ya ba ni tun makonni tana can cikin aljihun teburina, ban aika an yi masa lasisin ba. Ba lasisi, ba wasa. Na dube shi yana ta raha da mutane, ya ɗauki hutu musamman, sai kunya ta rufe ni.

Daga nan shaiɗan ya shigo. Wani ɗan wasanmu, mutumin Mali, bai zo ba domin matarsa tana naƙuda, amma lasisinsa na hannuna. Na ja abokina gefe na gaya masa zai buga da lasisin mutumin.

"Malam, anya?" in ji shi. "Ba za a samu matsala ba?"

"Wa zai duba? Yau kaɗai ce."

Ya ce, "To, kai ka san takardu."

Wadda take kula da gasar wata dattijuwa ce 'yar Ostireliya, mai furfura da hular rana. Ta karɓi jerin sunayenmu ba ta ko dubi hotuna ba. Har ta zuba mini shayi, tana ba ni labarin cewa a ƙasarsu an fara wannan wasa ne don masu wasan kurket su riƙa motsa jiki lokacin sanyi, kuma tun can ƙungiyoyin ƙauyuka a hannun 'yan sa kai suke. Ita ma ta daɗe tana sakatariyar ƙungiyar garinsu, aikin da ta gada daga mahaifinta. Ta ce, "Ni da kai aikinmu ɗaya. Ba wanda yake tafa mana, amma da mu ake yarda." Na ajiye kofin ban shanye shayin ba.

Mun ci wasan farko. A na biyu, abokina ya yi sama zai cafe ƙwallo, wani ya bugi ƙafafunsa bisa kuskure, ya sauko da ka. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Kowa ya jira ya tashi. Bai tashi ba.

Na ruga. Idanunsa a rufe, jini na bin gefen kunnensa. Masu agaji suka durƙusa kansa, ɗaya yana kiransa da sunan mutumin Mali, yana cewa ya matsa hannunsa in yana ji. Dattijuwar ta iso da fayil, ta zaro takardar lafiyar mutumin Mali tana karanta musu: ba wata cuta, ba maganin da jikinsa ba ya karɓa. Alhali na san akwai maganin ciwon da ya taɓa kumbura wa abokina maƙogwaro har aka kwantar da shi. Ina kallo ta ɗauko waya tana danna lambar gaggawar da ke takardar, wato lambar matar da ke ɗakin haihuwa a Lyon.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: na ɗan tsaya. Na tuna ƙungiyar, na tuna mutuncina, har zuciyata ta ce in bari sai an isa asibiti. Wannan ɗan tsayawar ce abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Na riƙe hannunta na ce, "Kada ki kira. Ba shi ba ne."

Ta dube ni. Ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "Faɗa musu sunansa, yanzu." Na faɗa, na faɗi maganin. Mai agajin ya mayar da wata allura cikin jakarsa. Har yau ban san ko maganin nan ne a cikinta ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

A asibiti na zauna a baranda har la'asar ta wuce, ba abin da nake maimaitawa sai Innalillahi. Dole na kira matar abokina. Muka gaisa a gajarce, ta ce, "Lafiya, Malam? Muryarka ba daidai ba." Na gaya mata. Ina jin yaran suna wasa a bayanta, ta ce, "Kai ka tafi da shi. Ka dawo mini da shi."

Gab da magariba likita ta fito ta ce ya farka, ƙwaƙwalwa ta bugu amma ba jini a ciki. Da na shiga ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Mun ci?" Sai hawaye suka zubo mini.

An cire ƙungiyarmu daga gasar, ni kuma aka dakatar da ni, kuma ban yi gardama ba. Abokina ya warke, amma bai sake buga wasan ba, matarsa kuwa ta daɗe tana amsa gaisuwata da baki kawai. A zaman kwamitin da aka yanke hukunci, dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Kana ganin takardar nan don mu aka yi ta? An yi ta ne don ranar da ɗan wasa ba zai iya faɗin sunansa da bakinsa ba."

Abin da na koya ke nan. Dokar da muke rainawa, sau da yawa wani ne ya sha wuya kafin a kafa ta. Kuma kuskuren da kunya ta hana ka faɗa da safe, kafin yamma yana iya neman ran wanda ya yarda da kai.