Dutsen Amana A Cikin Ɗanyen Tulu

Innarmu maginiyar tukwane ce a Pauwa, kuma ba ta yarda da akwati ba. In abu na da daraja, cikin ɗanyen tulu take ɓoye shi, wai ɓarawo ba ya leƙa abin da bai ƙonu ba. Shi ya sa da wani Alhaji mai sayen duwatsu daga Yankara ya bar wa Baba ajiyar dutse mai ruwan shuni, girmansa kamar ƙwan zabo, sai ta binne shi a yashi cikin wani tulu.

Ni kuwa, sarkin rawar kai, ban sani ba. Ranar toyi na kwashe tuluna kaf na jera, muka rufe da kara da kashin shanu, muka cinna wuta. Da aka tone, dutsen ya fito ruwan zuma. Na yi kuka har na gode Allah.

Alhaji ya zo, ya juya dutsen a tafinsa, ya ce, "Malam, wanga ba nawa ba ne." Bai ce an musanya ba, amma kowa a zauren ya ji abin da bai faɗa ba. Baba mutum ne da duk ƙauyen ke kai wa ajiya. Kwana biyu bai fita ko ƙofar gida ba.

Inna ce ta aika a ce wa Alhaji ya dawo da ɗan guntun irin dutsen, ya zo da shaidu. Daga bayan zana ta yi magana. "Alhaji, laka baƙa nike ginawa, ja take hita. Ƙarhen da ke cikinta ne wuta ke taɓawa. Dutsenka ma daga ƙasa ya hito."

Shi da kansa ya binne guntun a yashi cikin wani ɗanyen tulu. Inna ta sa tulun a gefen toyi inda wuta ba ta da fushi, don kada guntun ya tsage. Ta kuma hana a taɓa sai ya huce don kansa. Daga hantsi har la'asar mazan nan suna zaune suna gadin tulu.

Da na yi karatu daga baya na gane gaskiyarta. Ɗan burbushin ƙarfe ne a cikin dutsen ke ba shi launi. Zafi na sauya zaman ƙarfen, sai hasken da dutsen ke shanyewa ya sauya, ido ya ga wani launi. Inna ba ta taɓa riƙe alli ba, kuma har yau ina alfahari da ita.

Alhaji ya zazzage yashin a kan tabarma. Guntun ya gangaro, ruwan zuma. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ka yahe mani."

Baba ya nuna zanar da hannu, a gaban maza duka. "Ba ni za ka roƙa ba. Ga wadda ta wanke ni can."